Idan Raina Ya Ɓaci Turancina Sai Ya Gudu

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina zaune a Barnawa, Kaduna, ina sana'ar ɗinki. Maigidana ɗan Ilorin ne, aiki ya kawo shi nan. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba, ni kuma ba na jin Yarbanci, don haka Turanci muke yi a gida. Na gama sakandare, kuma in ana zaman lafiya Turancina yana isa ta. Amma da zarar raina ya ɓaci sai kalmomi su gudu, in faɗi duk abin da ya zo bakina. Kwanan baya ƙanwarsa ta zo bautar ƙasa, ashe ya ce mata ta zauna tare da mu, ban sani ba sai ranar da ta iso. Na ce masa: "You must tell me before. You are always doing nonsense like this." Ya ce na zage shi, ya daina cin abincina. Wallahi ba zagi na nufa ba. Da na je ba shi haƙuri na ce "Be patient", sai abin ya ƙara lalacewa. Ku taimake ni da yadda zan koyi Turancin da zan faɗi damuwata ba tare da na ɓata ba.

Wata baiwar Allah, Barnawa.

Amsa

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sanyaya zukata.

Ƙorafinki yana kan hanya. Wadda za ta shekara a gida ba baƙuwar kwana ɗaya ba ce, kuma matar gida ta cancanci a yi shawara da ita kafin a ce wa baƙuwa ta zo. Abin da ya ɓata miki hujja jimloli uku ne, kuma dukkansu da Hausa kika yi tunaninsu, sannan kika jera kalmomin Turanci a kan ginin Hausar, kamar ki ɗinka wa mutum riga da awon wani. Bahaushe yana tausasa magana da murya, da "don Allah", da "dai" da "mana", da sunan girmamawa. Turanci kuwa a cikin ginin jimla yake ajiye ladabinsa: ya mai da umarni tambaya, ya ja aikatau baya zuwa shuɗaɗɗen lokaci, ya sa ƙananan kalmomi irin su "could" da "would". "Ka ba ni kuɗin cefane" magana ce ta yau da kullum a gidan Bahaushe, amma "Give me the food money" umarni ne tsirara. Don haka tulin sababbin kalmomi ba zai yi miki magani ba. Abin da zai yi miki magani shi ne gine-ginen jimla shida ko bakwai, da kalmomin bayyana halin zuciya kamar goma sha biyu, ki haddace su har su riƙa fitowa da kansu. Darasin da ya fi dacewa da ke kuma shi ne saɓanin da kuka riga kuka yi, domin kin san abin da kika so ki faɗa a kowane layi.

Mu fara da "You must tell me before." A zuciyarki cewa kika yi, ai da ka gaya mini tun da wuri. Amma "must" dole ce, tilas ce, kalmar doka da likita da shugaba a wurin aiki. Bugu da ƙari ba ta komawa baya, abin da ke gaba take umarta. Idan abu ya riga ya wuce, ana ɗaukar "should have" a haɗa da siga ta uku ta aikatau, wato irin su "told", "gone", "spoken", "done": "You should have told me earlier." Wannan daidai ce a nahawu, sai dai har yanzu akwai ɗora laifi a cikinta. Wadda ta fi ta laushi ita ce "I wish you had told me earlier", wato na so a ce ka gaya mini da wuri. Ita ma "before" ba a barinta a rataye haka; ko dai ki ƙarasa ki ce "before she came", ko ki sa "earlier" ko "first".

Akwai ginin da kike da shi a Hausa tun kina yarinya, kuma shi ne zai fi yi miki aiki: "da ... da ...". Da ka gaya mini, da na gyara mata ɗaki. Turancinsa: "If you had told me, I would have prepared a room for her." Rabin farko "if" da "had" da siga ta uku, rabi na biyu "would have" da siga ta uku. Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Wasu su sa "would" a duka ɓangarorin, wasu kuma su ce "would have prepare", su yar da ƙarshen aikatau. Muna fifita wannan jimla a kan sauran saboda tana ɗauke da ƙorafin, tana kuma shaida masa cewa ba ƙanwarsa kike ƙi ba. Idan kuma roƙo ne na nan gaba, ga matakan daga mai kaushi zuwa mai laushi: "You must tell me", "You need to tell me", "You should tell me", "Could you tell me?", "It would help me if you told me first." Tsakanin miji da mata, biyun ƙarshe su ne na yau da kullum. Ki lura da "told" a jimlar ƙarshe: sigar shuɗaɗɗen lokaci ce alhali gobe ake nufi. Ba kuskure ba ne, ja da bayan nan shi ne ladabin.

Jimla ta biyu ita ce ta fi yin ɓarna. A Turanci, idan aka haɗa "always" da aikatau mai "-ing", kamar "You are always doing", sau da yawa ginin da kansa mita ne. Sannan "always" da "never" suna ɗauke magana daga abin da mutum ya yi su kai ta kan halinsa. John Gottman, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka wanda ya daɗe yana nazarin yadda ma'aurata ke gardama, ya raba ƙorafi da suka a daidai wannan gaɓa: ƙorafi yana kan aiki guda, suka tana kan mutumin gaba ɗaya. Da kin ce "kullum", sai maigida ya tuno ranar da bai yi ba, gardama ta koma can. Ki faɗi abin da za a iya ƙirgawa: "This is the second time it has happened", in dai gaskiya karo na biyun ne. Bayan "the first time" ko "the second time" ana sa "has" ko "have" da siga ta uku.

Sai "nonsense". Mun yarda ba zagi kika nufa ba, kuma akwai dalili. Masanin harshe Jean-Marc Dewaele na Jami'ar Landan ya wallafa bincike a 2004 a kan masu jin harsuna da yawa, inda ya nuna mutum ya fi jin nauyin ashar da baƙar magana a harshen da ya tashi da shi fiye da wanda ya koya daga baya. Ke da ba za ki iya buɗe baki ki ce wa mijinki "shashanci kake yi" ba, kin faɗi daidai da ita da Turanci ba ki ji komai ba, shi kuwa da ya daɗe a cikin Turanci a makaranta da ofis ya ji ta da cikakken nauyinta. Gwajin mai sauƙi ne: duk kalmar da ba za ki faɗa masa da Hausa ba, kada ki faɗe ta da Turanci. Ki cire waɗannan daga bakinki a cikin gida: "nonsense", "rubbish", "stupid", "useless", "shut up", "you are not serious", "what is your problem". "You are lying" ma ki musanya ta da "That is not how I remember it." Ki kuma yi hattara da "mad". A Amurka "Are you mad at me?" tana nufin kana fushi da ni ne, za ki ji ta a bidiyoyinsu, amma a Najeriya kunne hauka yake fara ji. Ki ce "Are you upset with me?"

Ta uku, "Be patient". "Yi haƙuri" a Hausa tana aiki da yawa: neman gafara, jaje, ta'aziyya, roƙon a jira. Turanci ya rarraba su. "Be patient" jira kawai take nufi, kuma umarni ce, shi ya sa ya ji kamar kin zage shi sannan kin ce ya shanye. Neman gafara da "sorry" ake yi, amma tun da a Najeriya "sorry" ta zama "sannu", har wanda ya yi tuntuɓe ana ce masa, dole ki ambaci laifin don ya san tuba ce. "I'm sorry for calling it nonsense." Bayan "for" aikatau yana ɗaukar "-ing". Ko "I'm sorry I spoke to you like that." Ko "I shouldn't have said that." Ko "I didn't mean to insult you. Please forgive me." Biyu ne za ki guje wa: "I'm sorry if you were offended", wadda ke mai da laifin kan mai jin haushi, da "I'm sorry, but", wadda ke goge tubar kafin ta isa.

Yanzu ga ginin da za ki faɗi damuwarki da shi. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, Thomas Gordon, ya yaɗa shi tun shekarun 1960: maimakon a fara da "you", a fara da "I". Gaɓa huɗu ne: "I felt", sai halin zuciya, "when", sai abin da ya faru, "because", sai dalili, sannan roƙo da "Could you". A nan ne Bahaushe ya fi tuntuɓe, domin "ji" ɗinmu guda ɗaya ta ƙunshi "hear", "feel", "understand", "smell" da "taste". Na ji zafi a raina "I felt hurt" ne. Na ji abin da kake nufi "I understand" ne, kuma ba a cewa "I am understanding" ko "I am not understanding", domin aikatau irin su "understand", "know", "want" da "agree" ba su cika ɗaukar "-ing" ba, duk da cewa a Hausa "ina ganewa" daidai ne. "I am agree" ma kuskure ne, "I agree" kawai.

Kalmomin zuciya suna da mataki, kuma zaɓen wadda ta dace rabin sulhu ne. "Annoyed" haushi ne kaɗan. "Upset" ɓacin rai. "Angry" fushi sosai, "furious" fushin da ya kai maƙura. "Hurt" zuciya ta sosu. "Disappointed" an yi abin da ba ki zata daga mutum ba. "Worried" damuwa mai haɗe da fargaba. "Left out" an yi abu an bar ki a gefe, kuma muna ganin ita ce ainihin abin da kika ji ranar nan, ba fushi ba. Kunya kuwa uku ce a Turanci: "shy" ta ɗabi'a, "embarrassed" ta an ga kasawarki a gaban mutane, "ashamed" ta abin kunya da aka aikata. Idan kina nufin kin ji kunyar baƙuwa ta tarar ba ki shirya ba, "I was embarrassed" za ki ce. In kika ce "I was ashamed of you", kin ce shi abin kunya ne.

Ki kula da ƙarshen waɗannan sifofi. Mai "-ed" shi ne wanda ya ji, mai "-ing" shi ne wanda ya jawo. "I am annoyed", an ba ni haushi. "I am annoying", ni ce mai ba da haushi. "You look tired", da alama ka gaji. "You are tiring", kana gajiyar da mutane. Haka "bored" da "boring", "confused" da "confusing", "disappointed" da "disappointing". Kowace kalma kuma ki haddace ta da ɗan rakiyarta: "angry with" mutum, "angry about" abu, "listen to", "shout at", "apologise to" mutum "for" laifi, "talk about", amma "discuss" ba ta ɗaukar "about". Tarko na ƙarshe a nan: "I feel that you don't care" da "I feel like you are selfish" ba bayyana zuciya ba ne, zargi ne aka sa masa "I feel" a gaba. Bayan "I felt" sifa ɗaya ce za ta biyo.

Ga yadda zancenku zai iya kasancewa. Ki fara da sunan girmamawar da kike kiransa da shi. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda kike zato, domin Yarbanci yana da wakilin suna na girmamawa, "ẹ", da ake yi wa na gaba, kamar yadda ake ce wa babba "ku" a Hausa, alhali "you" ɗin Turanci ɗaya ce ga sarki da yaro. Sunan ne zai cike wannan giɓi.

Ke: Can we talk after Isha? It won't take long.

Shi: What is it again?

Ke: It's about the day your sister came. First, I'm sorry for what I said. I shouldn't have used that word.

Shi: You insulted me in my own house.

Ke: I understand why you were hurt. I didn't mean to insult you. I felt left out when I heard about it that same day, because I had no time to prepare.

Shi: So my sister is not welcome here?

Ke: She is welcome. If you had told me, I would have got the room ready and cooked for her.

Shi: I forgot. I've been busy at work.

Ke: I know you have. Next time, could you tell me a few days before she or anyone else comes?

Ki tsaya a kan tambayarsa ta ko ba a maraba da ƙanwarsa, domin nan ne wuri mafi haɗari a duk zancen. A Hausa za ki ce "A'a", kina nufin ba haka ba ne, ana maraba da ita. A daidaitaccen Turanci "No" ita kaɗai a nan tana iya nufin ƙwarai, ba a maraba da ita. Haka idan ya ce "Didn't you see my message?" Bahaushe zai ce "E", wato ban gani ba, Turanci kuwa "No, I didn't" yake so. 'Yan Najeriya da yawa suna cakuɗa tsarin biyu, saboda haka ba za ki san wanne ya ji ba. Duk tambayar da ke da "not" a cikinta, kada ki amsa da kalma ɗaya, ki ba da cikakkiyar jimla: "She is welcome." Ki lura kuma da jerin: tuba ta zo da farko ita kaɗai, an amsa masa cewa an fahimci zafinsa, sannan ƙorafi, sannan roƙo guda. In kika sa ƙorafi gaba da tuba, ba zai ji tubar ba. Idan kuma kina son ambaton gabar da yake yi, "tun" ɗinmu biyu ce a Turanci: "since" da ranar da aka fara, "for" da tsawon lokaci. "You haven't eaten at home since Tuesday, and I'm worried", ko "for three days".

Yadda za ki mai da wannan darasi na kullum: ki sayi littafin rubutu guda, ki ware minti goma sha biyar a rana, saɓani ɗaya a mako. Ranar farko ki rubuta zancen da Hausa, layi takwas zuwa goma, naki da nasa, yadda aka yi shi ba yadda kika so a yi ba. A ƙarƙashin kowane layi naki ki rubuta abu uku: me ya faru, me na ji, me nake roƙo. Rana ta biyu ki juya shi Turanci ba tare da ƙamus ba, yadda ya zo, ki bar layi biyu fanko a ƙasan kowace jimla. Rana ta uku ce ta gyara, kuma abu huɗu kawai za ki bi: lokacin aikatau, ɗan rakiyar kalma, "-ed" ko "-ing", sai farautar "must", "always" da "never". Ki duba a ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, duk suna intanet kyauta, har da sautin kalma. Ki kwafo jimlar misalin ɗungurungum, kada ki tsaya a ma'ana. Ranaku na huɗu da na biyar na baki ne: ki ɗauki muryarki a waya kina karanta layukansa, ki bar tazarar daƙiƙa biyar bayan kowanne, sannan ki kunna ki riƙa amsawa a tazarar ba tare da kallon littafi ba. Ana iya yin wannan a kan keken ɗinki.

Kada ki wuce jimloli bakwai sababbi a mako. Ki maimaita su washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu. Tun 1885 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan'adam, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaitawa a rarrabe ita ke rage ta. Abin da ya sa muke nacewa a kan cikakkun jimloli maimakon jerin kalmomi shi ne, mai fushi ba ya iya gina jimla a harshe na biyu, abin da ke ajiye a shirye kawai yake ɗaukowa. Yanzu "nonsense" ce a shirye a bakinki saboda ita kika fi ji a titi da kasuwa. Aikin shi ne ki ajiye wasu a wurinta.

Huɗu daga cikinsu ki haddace a wannan makon, kafin komai, don ranar da Turanci ya sake gudu: "Please give me some time, I don't want to say the wrong thing." "That came out wrong, let me say it again." "I don't have the English for this yet." "What do you mean by that?" Gottman yana ba da shawarar a dakata aƙalla minti ashirin idan rai ya tashi, domin jiki ya lafa. Amma ki faɗi lokacin dawowa, "Let's continue after Maghrib", in ba haka ba tashinki zai zama shariya a idonsa.

Furuci ma yana da wuraren da ke taɓa ma'ana. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", sai "feel" ta koma "peel". Ga "p" ki haɗe leɓɓa ki sake su da iska, har takardar da kika riƙe a gaban baki ta motsa. Ga "f" haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne tsawon wasali: "I want to live here" zama ne, "I want to leave here" tafiya ce. "Full" ƙoshi, "fool" wawa. Kina da sa'a a nan, kunnenki ya saba da dogon wasali da gajere, shi ya sa kike bambanta garin Kaduna da garin tuwo. Ki ja wasalin "leave" da "fool", ki gajarta na "live" da "full". Ki kuma fitar da baƙin ƙarshe, domin "can" da "can't" harafi ɗaya ya raba su. In kina shakka ki ce "cannot".

Wajen neman misalai, BBC Learning English, VOA Learning English da LearnEnglish na British Council suna da gajerun tattaunawa tare da rubutunsu. Faɗan cikin fina-finai kuwa, na Najeriya da na waje, don ya ƙayatar aka rubuta shi, kada ki ɗauki jimla daga can. Manhajar fassara ta waya takan mai da "ka yi" umarni tsirara, ki ɗauki abin da ta ba ki a matsayin zubin farko da ke jiran gyara. Filin atisayenki mafi kyau yana shagonki. Barnawa, Narayi da Sabon Tasha cike suke da masu kawo ɗinki da Turanci, kuma wadda kayanta ba su kammala ba ana gobe biki tana buƙatar nahawun nan dai: "I should have called you. I'm sorry for keeping you waiting. Would you mind coming back on Thursday?" A can kuskure ba ya kwana da ke a ɗaki. Idan za ki nemi mai duba miki rubutu, ki nemi malama ko 'yar'uwa amintacciya, ki canza sunaye da labarin, kada ki tura sirrin gidanki a zauren WhatsApp, kuma kada ƙanwar maigida ta zama ita ce malamar. Littafin ma ki adana shi inda baƙo ba zai buɗe ba.

Nauyin bai kamata ya tsaya a kanki ke kaɗai ba. Ranar da aka shirya, ki gaya masa: "When I'm upset, my English becomes harsh. If I say something wrong, please ask me what I mean." Ki koya masa abin da "yi haƙuri" ta ƙunsa, ke kuma ki riƙe "ẹ má bínú" ta Yarbanci, wato kada ku yi fushi, wadda ita ce ban-haƙurinsu. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma idan wata rana magana ta kai gaban manya, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginki, ki yi bayaninki da Hausa a samu mai fassara. Wurin da ake yanke hukunci ba wurin gwada Turanci ba ne. Haka nan duk abin da muka faɗa na saɓanin baki ne. Idan akwai duka, ko barazana, ko hana abinci, gyaran jimla ba zai magance shi ba. Ki sanar da waliyyinki, kuma Jihar Kaduna tana da dokar hana cin zarafin mutane tun 2018.

Akwai maganar da ba ki kawo ba amma tana tafe: baki ya ƙaru a gida, kuɗin cefane kuwa yana nan yadda yake. Kada ki haɗa ta da zaman ban-haƙuri, in kika haɗa zai ɗauka tubar share fage ce. Ki bar ta ta zama darasin mako na biyu a littafinki. Jimlar buɗewa ita ce "There are three of us now", ba "We are three" ba, sannan "Could we look at the food money together?" Ki rubuta farashin shinkafa, mai, gas da kayan miya na wata guda a takarda, ki je da ita.